Warƙar da Na Wanke a Kwamfuta

Shekarun baya, tun gemuna bai gama komawa fari ba, na taɓa riƙe wata amana da ta hana ni bin hanyar Nassarawo har kwana tara. Jiya wani daga cikinku ya tambaye ni abin da ya sa kullum nake cewa kada mutum ya taɓa hoton tsohon rubutu sai ya yi masa kwafi biyu. To ga dalilin. Ku yi haƙuri da ni, ban iya gajarta labari ba.

A shekarar da mutanen arewacin jiharmu suka gudo Yola ne. Wanda yake Jimeta a lokacin ba ya bukatar bayani. Kowane gida da baƙinsa, zaure ya koma ɗakin kwana, masallatai da majami'u duk tabarmi. Cikin waɗanda suka iso har da abokina, wanda muka yi karatu gaban malami ɗaya muna samari kafin ya koma Mubi. Ya zo da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa, rabin hanyar a ƙafa, suka sauka gidan wani surukinsa a Nassarawo.

Mahaifinsa malami ne, ya rasu tun kafin wannan fitina. Ya bar wata doguwar waƙar wa'azi da ya tsara ya kuma rubuta da hannunsa da ajami, warƙa arba'in da uku, a cikin gafaka. Ba a taɓa buga ta ba, ba wanda ya taɓa kwafe ta. Allah ya sa 'yan watanni kafin gudun abokina ya ga gara ta fara cin gefen takardun, sai ya ɗauki hotonsu. Yawancinsu da wayarsa ya ɗauka, wasu kuma da tawadarsu ta dushe ya kai shagon masu kwamfuta aka ɗauko su da na'ura aka zuba masa a memorin wayar. Ranar da suka fito, wayar tana aljihunsa, gafakar tana rataye a bango. Daga baya labari ya zo cewa gidan ya ƙone.

Wata Juma'a bayan an sauko ya biyo ni gida Rumde. Ya ciro memorin nan daga wayarsa, ɗan abu kamar farcen yatsa, ya naɗe a takarda ya sa mini a tafin hannu. Ya ce yana so in jera hotunan bi da bi, ƙarƙashin kowanne in rubuta baitocin da boko saboda yara. Amma babban abin da ya kawo shi ba wannan ba ne. Mahaifiyarsa, wadda dukkanmu muke kira Dada, yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta yi ta ƙura wa wayar ido ba ta ganin komai sai duhu-duhu. Ta ce tana so ta sake ganin hannun malam kafin idon ya tafi gaba ɗaya.

"Modibbo," in ji shi, wato malam da Fulatanci, sunan da yake tsokanata da shi tun muna samari, "kai ne ka haɗa ajami da kwamfuta. Wannan shi ne abin da ya rage mana na Baffa." Haka suke kiran mahaifinsu.

Na karɓa da hannu biyu, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura. Ilimina na kwamfuta a lokacin bai wuce na wata bita ta mako biyu da aka yi wa malaman makarantarmu ba. Ina da ƙaramar kwamfuta ta hannu da wata manhajar rubutu da aka sa mini, wadda nake so saboda tana karɓar haruffanmu masu ƙugiya, tana kuma iya nuna hoto a tsakiyar rubutu. Da yatsa ɗaya nake bugawa, amma a unguwarmu ni ne gwani.

Wanda ya yi karatun zaure ya san tsofaffin littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, kuma ba su da lambar shafi. Abin da marubuci yake yi shi ne, in ya gama warƙa, sai ya rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a can ƙasa, a kusurwa. Ko iska ta watsa takardun, da wannan kalma ake bin sawu a mayar da kowace wurinta. Hotunan abokina kuwa a hargitse suke, don ba rana ɗaya ya ɗauke su ba, kuma sunayensu dogayen lambobi ne marasa ma'ana, kowanne da ɗigo da haruffa uku a ƙarshe.

Na yi yammaci uku ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ina bin kalmar kusurwa, ina rubuta jerin a takarda. Wannan ɓangaren na yi shi da kyau, har yau ina alfahari da shi. Da na gama sai na ce ai bai kamata rubutun malam ya zauna da sunan lamba kamar motar haya ba. Na koma na goge wa kowane hoto tsohon sunansa kakaf, har ɗigon da haruffa ukun, na sa masa lambar jerinsa da kalmar da ya fara da ita, yadda malamanmu suke gane warƙa. Kwamfutar ta yi mini gargaɗi da Turanci sau arba'in da uku, ni kuma na danna mata "na yarda" sau arba'in da uku. Duk wannan a kan memorin kansa nake yi. Tunanin in fara kwafe su wani wuri bai ko gifta mini ba.

Washegari na buɗe manhajar rubutu, na yi bisimilla, na kira hoton farko. Sai ga fanko, akwati mai kusurwa huɗu ba komai a ciki. Na kira na biyu, haka. Na goma, haka. Na koma in buɗe su yadda na saba buɗewa jiya, kwamfutar ta ce ba ta san ko mene ne waɗannan ba.

Da na tsaya a nan, da labarin gajere ne. Amma sai na ce bari in bincika. Ban so in yi gwaji da warƙar farko ba saboda tana ɗauke da sunan Allah a samanta, sai na zaɓo ta tsakiya, ta goma sha bakwai, na ja ta na jefa kai tsaye cikin manhajar. Allon ya cika da wani irin tarkace, alamomi da ƙananan akwatuna da haruffan da ba na Larabci ba ba na boko ba, layi bayan layi ba iyaka. Na taɓa jin ana cewa cuta tana shiga kwamfuta. Nan take na yanke hukunci cewa cutar ce ta lulluɓe hoton, kuma hoton yana ƙarƙashinta. Ni kuwa tun ina yaro na san abin da ake yi wa allon da ya cika da baƙi. Na zaɓi tarkacen gaba ɗaya, na goge, na adana. Allon ya yi fari tas. Na zauna ina jiran hannun malam ya fito.

Bai fito ba. Har na kai hannu kan ta goma sha takwas, sai aka kira sallar la'asar. A cikin sahu jikina ya fara gaya mini cewa na yi ɓarna. Da na dawo ban sake taɓa komai ba. Na cire memorin na naɗe a takardarsa na sa cikin aljihun jakar littattafaina.

Kwana tara na yi a haka. Abokina zai kira ya ce Dada tana tambaya, in ce masa ana nan ana fama. Ba ƙarya ba ce, amma ta yi kusa da ƙarya har ina jin kunyar Ubangijina. Na daina zuwa gaishe su. In zan je kasuwa sai in ce wa mai keke ya zagaya, kada mu bi ta Nassarawo. Ina tunanin tsohuwar da ta taka daji da ƙafa, gidanta ya ƙone, abu ɗaya ya tsira, shi ma ya zo ya mutu a hannuna cikin ɗaki mai fanka.

Matata ce ta gaji da ganina ina juya tuwo ba na ci. Da na gaya mata, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai in je wurin Madam.

Madam ita ce sakatariyar makarantarmu, Kirista ce 'yar wajen Numan, tana zaune a Shagari Low Cost. Shekara da shekaru muna tsokanar juna. Ni ina gyara mata Hausa a ofis, ita tana kirana mai yatsa ɗaya. Zuwa wurinta da wannan magana ya yi mini nauyi, amma na shirya ranar Asabar da hantsi, don na san Lahadi ba a samunta.

Na tarar gidanta ma a cike yake da baƙi, mutanen wajen Michika, katifu jingine a bangon falo. Sai ta fito mana da ƙaramin tebur baranda. Na ba ta labari tun daga farko, ban rage komai ba sai maganar wanke allo, wadda na ce a raina sai an tambaya. Abu na farko da ta yi, kafin ta buɗe komai, shi ne ta kwafe duk abin da ke memorin zuwa kwamfutarta, ta sake kwafewa a tawa, sannan ta cire shi ta miƙo mini.

"Sa wannan a aljihu, Malam. Kada ka sake ba shi kowa. Har kai."

Ta duba jerin sunayen ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce hotunan ba su mutu ba, wutsiya kawai na yanke musu. Ta bayyana mini cewa hoto iri-iri ne, kowane iri da yadda ake karanta shi, kuma manhajata da haruffa ukun nan na ƙarshe take gane irin da aka ba ta. In babu su, sai ta tsaya kamar mai gadin da aka zo masa ba takarda. Ta mayar wa na farko wutsiyarsa, jpg, ta kira shi. Sai ga bisimillar malam, baƙar tawada da jan wasali.

Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har wata tsohuwa daga cikin baƙin ta leƙo. Madam ta bi sauran tana sa musu wutsiya iri ɗaya. Yawanci suka dawo. Goma sha biyu suka ƙi.

Madam kuwa ko a jikinta. Ta ɗauki ɗaya daga cikinsu ta buɗe shi a matsayin rubutu, sai ga tarkacen nan da na sani ya cika allo. Na ce mata to ga cutar nan. Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau.

"Wane cuta? Wannan shi ne hoton. Haka cikinsa yake." Sai ta tambaye ni, "Malam, ka taɓa ganin wannan a gida?"

Na ce na gani.

"Ka yi masa mene?"

Na gaya mata. Ba ta yi dariya ba wannan karon, kuma rashin dariyar ya fi mini ciwo. Ta ce mu gama da masu rai tukuna.

Ta nuna mini layin farko na tarkacen. A tsakiyar alamomin akwai haruffa uku da ake iya karantawa, PNG. Ta ce kowane hoto yana faɗin irinsa a farkon cikinsa, ko an canza masa suna ko ba a canza ba. Waɗannan su ne aka ɗauko da na'ura a shago, irinsu dabam ne da na waya, mu kuma mun liƙa musu wutsiyar da ba tasu ba. Wannan na gane shi nan da nan, don ni ma in aka miƙo mini warƙa ba bango, layin farko nake dubawa in san ko fiƙihu ne ko waƙa. Ta gyara musu wutsiya. Sannan ta shiga saitin manhajar ta nuna mini wani wuri da ban taɓa sanin yana nan ba, inda ake zaɓar ko ta gane hoto daga sunansa ko ta leƙa cikinsa. Ta mayar da shi kan leƙa ciki. Goma sha ɗaya suka buɗe.

Sai kuma rigimar girma. Hotunan waya suka fito ƙattai, harafi biyu sun cika allo. Ta sa musu faɗi da tsawo ƙayyadadde, suka zauna daidai gwanin kyau, ta ce an gama. Na duba na ga ƙasan kowace warƙa ya yanke. Ta ce ai gefe ne kawai, farar takarda. Na ce mata a wannan gefen ne lambar shafinmu take, na nuna mata kalmar kusurwa a wadda ba ta yanke ba, na bayyana mata aikinta. Ta jinjina kai, ta ce ashe mutanen da ma sun san aikin ofis. Ta cire ƙayyadadden tsawon, ta bar faɗi kawai ya cika allo, tsawo ya bi shi yadda takardar take. Wasu hotunan a kwance suka zo, ta tayar da su. Guda ɗaya ta tayar da shi ƙafa a sama, ta ce ya yi. A nan na samu na rama. Na ce Madam, shekara nawa kina ce mini mai yatsa ɗaya, ga shi kin sa malam yana tafiya da ka.

Ta goma sha bakwai kuwa, ta nuna mini girmanta a jerin. Sifiri. Ta karɓi memorin ta gwada wata dabara ta nemo abin da aka goge, muka jira har aka yi azahar na je na dawo. Ba a samu komai mai amfani ba. Ta ce mini gaskiya ita iyakarta ke nan, kuma ba ta jin wani zai iya.

Daga gidanta Nassarawo na wuce, don na san in na koma gida zan sake kwana tara. Na sami abokina a ƙofar gida. Na gaya masa arba'in da biyu suna nan lafiya, ɗaya kuma ni na hallaka ta da hannuna, ba cuta ba, ba kwamfuta ba. Na gaya masa yadda aka yi. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce wuta ta ci arba'in da uku, ni na ci ɗaya, ba zai haɗa ni da wuta ba. Ya ce amma Dada ni zan gaya wa da bakina.

Tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kwamfutar a kan wani kwando da aka kife, na buɗe warƙar farko ta cika allo. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce in ƙara. Na shiga inda Madam ta nuna mini na ƙara faɗin, har kowane layi ya yi kaurin yatsa. Sai ta sa hannu ta shafa allon.

"Shi ne," in ji ta. "Dubi yadda yake jan wutsiyar nun. Kullum sai na ce masa tawada yake ɓatawa."

Muka yi ta tafiya, ina saukar da hoto tana bi, wani wuri tana karantawa, wani wuri tana rerawa ƙasa-ƙasa. Da muka kai ƙarshen ta goma sha shida na tsaya. Na ce Dada, wadda ke biye babu ita, kuma laifina ne. Na fara bayanin wutsiya da tarkace, ta ɗaga mini hannu. Ta tambaye ni abin da aka rubuta a kusurwa. Na saukar da hoton har ƙasa, wurin nan da ya kusa yankewa a barandar Madam. Na karanta mata kalmar: masauki.

Ta rufe ido. Ta maimaita kalmar sau biyu, sannan ta ɗauko baitocin da ka. Ashe shekara da shekaru, in malam yana karanta wa ɗalibansa a zaure, tana jin sa daga cikin gida tana aiki. Na ciro takarda da biro ina rubutawa da ajami, don hannuna ya fi sauri a nan. Baitocin suna magana ne a kan matafiyin da ya sauka a garin da ba a san shi ba, da haƙƙin da yake kan wanda ya sauke shi. Surukin abokina, mai gidan, yana tsaye a bakin ƙofa, sai na ga ya juya ya fita. A baiti ɗaya ta yi tuntuɓe, ta kawo shi iri biyu, ta ce ba ta tuna wanne ne na ƙarshe ba, don malam ya taɓa canza shi. Na rubuta duka biyun. Da ta kai inda ta ce nan ne iyaka, ta faɗi kalmar da ke biye. Na buɗe ta goma sha takwas. Da ita ta fara.

Ban taɓa jin nauyi ya sauka daga kaina kamar na wannan yammacin ba. Dada ta ce in daina wannan fuskar, in je in sha ruwa.

Aikin ya ɗauke ni wata huɗu. Dada ta ga dukkan warƙoƙin kafin idon ya rufe, ta kuma rayu har suka koma gida. Allah ya yi mata rahama, ya haɗa ta da malam a masauki mafi kyau. Madam ta yi ritaya, amma har yau in mun haɗu a wurin biki ko ta'aziyya sai ta tambaye ni ko na wanke wani abu kwanan nan.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Ilimin da na zo da shi daga zaure shi ne ya jera warƙoƙin, shi ne kuma ya sa na wanke ɗaya, don na ɗauka duk abin da ban iya karantawa ba datti ne. Yanzu in aka kawo mini tsohon rubutu, kwafi biyu nake fara yi, ina barin wa kowane hoto wutsiyarsa, kuma ba na yarda a yanke gefen takarda ko da fari ne. In abu ya fi ƙarfina, ba na kai kwana tara.

Littafin yana hannun jikokin malam. Warƙa arba'in da biyu da kyakkyawan hannunsa, ɗaya a tsakiya da nawa hannun mai karkata, da baiti guda da aka rubuta sau biyu. Na taɓa ce wa abokina a nemi mai kyan rubutu ya sake ta. Ya ce a'a, a bar ta haka, yara su san inda kakarsu ta shiga littafin. Fayil ɗin nan mai sifiri kuwa yana nan a kwamfutata da sunan da na raɗa masa. Na canza kwamfuta sau biyu, kowane karo sai na kwafe shi tare da sauran.